Manhajata ta karɓi kalmar sirri, amma ta ƙi barina in wuce

'Yan'uwa abokan koyo, barkanmu da war haka. Mako uku ke nan ban kawo muku labarin 'yar manhajar nan tawa ta ajiye bayanan karatu ba. Dalili kuwa, tun ranar da na ɗora ta a kan saba ta gaske, wato kwamfutar da ke riƙe da ita a intanet, ta juya mini baya. A kwamfutata lafiya lau take aiki. A can kuwa sai in sa suna da kalmar sirri, in danna maɓallin shiga, allo ya yi ƙifta ɗaya, sai ga ni a inda na taso, akwatunan biyu wayam. Ba jan rubutu, ba gargaɗi, ba komai.

Daren farko a banza ya tafi. Rumbun bayanai na ɗora wa laifi, na buɗe sababbin asusu har uku, na canja kalmar sirri ya fi a ƙirga. Sai da gari ya waye na lura da abin da ke gabana tun jiya: in na sa kalmar ƙarya da gangan, manhajar na cewa ba daidai ba ne, in na sa ta gaskiya sai ta yi shiru. Ashe tana gane ni sarai, mantawa take yi da ni nan take.

Daga nan na bar canke. Na danna F12 a Chrome, na shiga sashen Network, na sa alama a Preserve log. Kada ku manta da wannan alamar, don in babu ita jerin na gogewa duk lokacin da shafi ya sauya, abin da kake nema ya ɓace kafin ka gan shi. Na sake gwada shiga, sai layuka uku suka jeru. Buƙatar POST, wadda ke kai suna da kalmar sirri zuwa /login, ta dawo da 302, lambar da ke nufin a wuce wani shafi, ta tura ni /dashboard. Shi ma /dashboard ya dawo da 302, ya mayar da ni /login, wanda ya ba da 200, lambar da ke nufin lafiya lau, kamar ba abin da ya faru.

HTTP, yaren da burauza da saba ke magana da shi, ba ya riƙe tarihin kowa, kowace buƙata baƙuwa ce a wurinsa. Abin da ke sa saba ta san kai ne ka shigo ɗazu shi ne kuki, ɗan guntun rubutu da take ba burauza ta layin Set-Cookie, burauza kuma ta riƙa nuna shi duk zuwa. A express-session, kayan aikin da ke kula mini da waɗanda suka shiga manhajar, sunansa connect.sid in ba ka canja ba. Na buɗe amsar POST ɗin, na karanta kanun, wato layukan bayani da ke saman amsar, layi-layi har sau biyu. Babu Set-Cookie. Ba burauza ce ta ƙi karɓa ba, tun farko ba a ba ta ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Na sa secure: true a saitin kukin, wato kada a ba da shi sai a kan HTTPS, wato HTTP ɗin da aka rufe saƙonsa, kuma daidai na yi. Sai dai manhajar ba ita ke fuskantar duniya ba, nginx ne a gabanta kamar mai gadi. Shi ke karɓar HTTPS daga burauza, ya kwance shi, ya miƙa wa Node, wadda manhajar ke gudana a kanta, saƙon ta HTTP zalla a tasha 3000. Ita Node abin da ta gani ke nan, HTTP, don haka express-session ya riƙe kukinsa kamar yadda na umarce shi. A kwamfutata ban taɓa cin karo da wannan ba, saboda saitin nawa ba ya kunna secure sai NODE_ENV, alamar da ke nuna inda manhajar ke aiki, ya zama production, wato saba ta gaske.

Ba zan ɓoye muku ba, na mayar da secure false na ga ya yi aiki, har zuciyata ta ce in bar shi haka. Minti goma na yi ina kallonsa, na mayar da shi true. Kukin da ba shi da Secure zai iya bin hanyar da ba a rufe ba, wanda ya tsince shi kuwa ya zama kai.

Gyaran na gaskiya layi biyu ne. A nginx na ƙara proxy_set_header X-Forwarded-Proto $scheme, don ya riƙa faɗa wa Node ta wace hanya baƙo ya zo. A Express kuma, tsarin da na gina manhajar da shi, na sa app.set('trust proxy', 1), don ta yarda da maganar mai gadi guda ɗaya da ke gabanta. Ɗaya ba ya aiki in babu ɗayan. Na kuma ɗaure Node a 127.0.0.1, adireshin da sai daga cikin sabar ake isa gare shi, domin in tasha 3000 a buɗe take ga kowa, wani zai iya kewaye nginx ya rubuto wannan kanun da hannunsa a yarda da shi. Masu aiki da Flask maimakon Express, naku ProxyFix ne. Masu Django ku duba SECURE_PROXY_SSL_HEADER.

Murna ta koma ciki bayan kwana biyu. Yanzu ina shiga, amma in danna nan lafiya, in danna can a kore ni, in sabunta shafi kuma in tarar ina ciki. Wannan ya fi na farko cin rai tunda ba shi da tsari. Kuki na zuwa, na gan shi da idona. Laifin nawa ne: na sa PM2, mai kunna mini manhajar a saba, ya tafiyar da kwafi biyu nata, alhali bayanan zama, na wanda ya shiga, suna cikin MemoryStore, wato ƙwaƙwalwar kowane kwafi daban. Wanda ya karɓe ni ya san ni, ɗan'uwansa bai taɓa jin sunana ba. Abin kunyar ma, gargaɗin cewa ba a yi MemoryStore don saba ta gaske ba yana nan zaune a kundin PM2 tun ranar farko, ni ne ban karanta ba. Na kwashe zaman zuwa Redis, rumbu guda da kwafin biyu ke dubawa, ta hanyar connect-redis, magana ta mutu. Ƙari a kan haka, sake kunna manhaja ya daina fitar da kowa.

Na ukun ƙarami ne. Duk mahaɗin da na danna daga imel sai ya kai ni shafin shiga, ko da ina ciki a wani shafin. Ni na sa sameSite: 'strict' don neman tsaro, shi kuma Strict ba ya barin kuki ya bi buƙatar da ta taso daga wani gidan yanar. Na mayar da shi Lax, wanda tun fitowar Chrome 80 a 2020 shi Chrome ke ɗauka in ba ka faɗi komai ba.

Abin da ya rage mini a makon nan: in an tura mutum ya shiga, a mayar da shi shafin da ya nufa tun farko, ba /dashboard kullum ba. Na fara da ?next= a adireshi, inda ake rubuta shafin da za a koma, sai na gwada sa adireshin wani gidan yanar a ciki, manhajar ta kai ni can ba musu. Na cire shi tukuna. Sharaɗin da nake rubutawa shi ne a karɓi abin da ya fara da / guda ɗaya kawai, a ƙi // da /\ duka, tunda burauza na iya ɗaukarsu a matsayin hanyar fita waje.