Rigimar ɗaya ce, mutanen ne ke canzawa

Mace ta yi aure uku, kowanne ya mutu a kan abu guda: miji ya yi shiru kwana biyu, ita ta ɗauka korarta ake shirin yi, sai ta riga shi, ta yi yaji. Ko yaron shago da ba ya cika shekara da uban gida ba su ɓata ba. A Maradi sai a ce sammu ne, ko a ce halinsa ne. Akwai jinya ta magana, wadda a Turance ake kira psychodynamic therapy, da aka gina domin irin wannan. Tushenta na komawa ga Sigmund Freud, likita na birnin Biyana, wanda a 1914 ya rubuta cewa abin da mutum ya kasa tunawa, yakan maimaita shi a aikace.

Ana zama da masanin halayyar ɗan Adam minti 45 zuwa 50, sau ɗaya ko biyu a mako, rana da lokaci ba sa canzawa. Gajeriyar jinya takan ɗauki wata uku zuwa shida, doguwa ta wuce shekara. Zama biyu ko uku na farko na tarihi ne: wa ya raine ka, wa ya rasu, wa ya tafi bai yi sallama ba.

Daga nan sai a tattara labaran mu'amala, kamar goma. Lester Luborsky, masani a Amurka, ya nuna yadda ake raba kowanne gida uku: me ka so daga mutumin, me ya yi maka ko ka zaci zai yi, kai kuma me ka yi. Idan aka jera su, zaren, wato abin da ke maimaituwa a cikinsu, yakan fito. Matar nan tana son a riƙe ta, tana zaton za a mayar da ita, sai ta tafi da ƙafarta. David Malan, wani masani na Ingila, ya ce a nemi zaren a wuri uku: mutanen yau, iyaye da masu raino, da shi kansa masanin da ake zama da shi.

A ƙasarmu wuri na biyu na buƙatar hankali. Kunyar ɗan fari da ba da riƙo ga goggo ko kaka al'ada ce, ba ƙiyayya ba, kuma da yawa sun tashi a cikinta lafiya lau. Amma yarinya mai shekara huɗu ba ta san al'ada ba, abin da ta sani an ɗauke ta an kai ta wani gida. Ba shari'ar iyaye ake yi ba. Fassarar da yaro ya yi ake nema.

Wuri na uku ne ke kayar da mutane. Wata rana masanin zai yi tafiya, ko ya dubi agogo, sai zuciya ta ce ya gaji da kai. Nan ake daina zuwa, a ce kuɗin kabu-kabu ne ko hidimar biki. Alhali abin da ya kawo ka ne ya shigo ɗakin. A je a faɗa masa baki da baki: "Malam, na ji haushinka." Ƙwararre ba ya fushi ko kare kansa, tambaya yake yi. Wanda ya fara wa'azin haƙuri, ko ya zazzage maka fassarar yarintarka tun zama na biyu, bai iya aikin ba.

Wannan jinya ba ta kowa ba ce a kowane lokaci. Mai jin muryoyi, mai tunanin kashe kansa, da wanda tiramol ya kama, likitan ƙwaƙwalwa suke buƙata tukuna. Matar da ake duka kuwa, tsaron lafiyarta ake fara nema. Kafin a fara, a tambayi masanin inda ya yi horo, wa ke duba aikinsa, da yadda yake riƙe sirri, musamman idan ya san danginka. Idan ta waya za a yi, a sami ɗakin da kishiya ko yara ba za su ji ba.