Sifili ɗaya ya kashe min kifi

Har yanzu in na wuce ta gaban tankin nan sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Cutar da ta kama kifin ba ta kai ga kashe su ba, ni na ƙarasa su, da kalkuleta a hannuna.

Farin ɗigo ne ya fara fito musu a jiki. Na samo magani, a jikin kwalbar an rubuta mililita 1 ga kowace lita 10 ta ruwa. Na ɗauko tef na auna: tsawo santimita 120, faɗi 50, zurfin ruwa 40. Na ninka, ya ba ni 240,000. Har nan lafiya lau. Sai zuciyata ta raya min ai "santi" ɗari ne, na raba da 100, na samu lita 2,400. Na tuttula mililita 240, har ina yaba wa kaina. Kafin gari ya waye duk sun juya ciki sama.

Da 1,000 ya kamata in raba. Lita ɗaya ita ce cikin akwati mai santimita 10 ta kowane ɓangare, 10 sau 10 sau 10, wato santimita kubik 1,000. Ɗarin da na riƙe ta awon tsawo ce kawai, tsakanin santimita da mita. In abu yana da tsawo da faɗi da zurfi, sau uku ake ninka ɗarin, 100 sau 100 sau 100, shi ya sa mita kubik ɗaya take cin santimita kubik 1,000,000, ko lita 1,000. Tankina lita 240 ne, maganinsa mililita 24. Ninki goma na ɗura musu.

Abin da ya fi ƙona min rai, ni na cika tankin nan da hannuna, jarka 12 mai cin lita 20, har bayana ya yi ciwo. Ina na samo 2,400? Kuma lita ɗaya ta ruwa kusan kilo ɗaya ce, ke nan lissafina yana cewa na ɗora sama da tan biyu a kan teburin katako, bai ko motsa ba. Kwalbar ma ta gaya min. An rubuta mata 25 cl, santilita ɗaya kuwa mililita 10 ce, 250 ke nan gaba ɗaya. Na ga ta kusa ƙarewa a zubi ɗaya, maimakon in tsaya, sai na yi tsaki wai sun yi ta ƙarama.

Yanzu na rubuta "240 L" da maka a gefen tankin. Da sirinji nake auna magani, tunda cc ɗin da ke jikinsa, wato santimita kubik, daidai yake da mililita, babu wani juyi. Kuma duk adadin da kalkuleta ta ba ni, sai na ƙirga shi da jarka kafin in buɗe kwalba.