Burodin da Baba ke ɓoyewa

A watan Nuwamban 2014 na sauka Toronto ta ƙasar Kanada, da takalmin da na taho da shi daga Katsina. Tun a filin jirgi sanyi ya shiga ƙashina. Aikin farko da na samu shi ne kula da wani tsoho Bayahude mai shekara 91 a gefen titin Bathurst. Baba nake ce masa, don bakina ba zai iya kama sunan sa'an kakana ba.

Duk safiya sai na tarar da gutsuren burodi a ƙarƙashin matashinsa. Ranar da na kwashe na zubar, hannunsa ya dinga rawa har azahar. Da yamma ya ce, "'Yata, zauna."

Mutumin Hungari ne. A 1943, yana ɗan shekara 20, aka kai shi aikin tilas a Bor, garin haƙar jan ƙarfe a Sabiya, inda Jamusawa ke buƙatar ma'adinin don Yaƙin Duniya na Biyu. Yahudawan Hungari kusan 6,000 aka tara a can, suna fasa dutse da shimfiɗa layin dogo, da ƙyalle mai ruwan ɗorawa ɗaure a dantse. Wanda ya cinye rabonsa gaba ɗaya da safe, in ji shi, da wuya ya kai dare a tsaye. A watan Satumban 1944 aka kora rukuni na farko da ƙafa, aka harbe ɗaruruwansu a wurin buga bulo na Crvenka. Shi yana rukuni na biyu, wanda mayaƙan Tito, jagoran 'yan ƙasar masu yaƙi da Jamusawa, suka tare a hanya suka 'yanta. Da ya koma garinsu bai sami kowa ba. Mahaifiyarsa da ƙannensa mata suna cikin mutum sama da 430,000 da aka kwashe daga Hungari a jiragen ƙasa a 1944, akasarinsu zuwa Auschwitz, sansanin da Jamusawa suka hallaka Yahudawa a cikinsa.

A 1956 ya tsallaka iyakar Ostiriya cikin dare, ya sauka Halifax da ke gaɓar tekun Kanada a jirgin ruwa, ya kama ɗinki a titin Spadina na Toronto ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turanci.

Ni kuwa a lokacin kullum sai na yi kuka a bas mai lamba 7, ina kewar Inna. Ban taɓa gaya masa ba, amma ya gane. Shi ya koya mini saka safa biyu, da yadda ake taka ƙanƙara ba a zame ba. Ya sa na buɗe akwatin marigayiya matarsa na ɗauki rigar sanyinta. Da azumi ya zo, shi ke duba agogo ya ce mini lokacin shan ruwa ya yi.

Daga ranar nan ban sake taɓa burodin ba. Sai dai in ya bushe in musanya masa da sabo yana barci, har ya rasu a 2017.