Shafin saiti: yadda zai dawo da zaɓin mutum ba tare da ya ɓata shi ba

Idan kana haɗa manhajar rubutu, abin da mutum ya canza da hannunsa kaɗai za ka adana a fayil. Haka VS Code, manhajar rubuta lambobin kwamfuta, take yi: saitin asali yana cikin manhajar, fayil ɗin saitin mai amfani, wato settings.json, ya hau kansa, na aikin da aka buɗe kuma ya rinjayi duka biyun. Duk ranar da ka gyara saitin asali, wanda bai taɓa wurin ba zai samu gyaran kai tsaye.

Wajen cika akwatunan shafin ne aka fi samun matsala. Manhaja ta karanta girman haruffa 14, ta sa a akwati, akwatin ya ɗauka mutum ne ya canza, sai ya kira aikin adanawa tun sauran akwatunan ba su cika ba. Shi ke nan, an rubuta fanko a kan zaɓin mutum. Maganinsa a toshe sanarwar canji har a gama cikawa. A Qt, wato kayan aikin haɗa manhajoji, QSignalBlocker ne ke wannan aiki.

Masu rubuta manhaja da yaren JavaScript kuma su kula da `||`, alamar da ke ɗaukar abin da ke damanta in na hagunta false ne (wato a kashe), ko sifili, ko fanko. Wanda ya kashe naɗe layi (saukar da dogon layi ƙasa don ya dace da allo) ya adana false, kai kuma ka rubuta `ƙima || asali`, kullum ya buɗe sai ya tarar an sake kunna masa. Sifili ma haka yake faɗawa. Yi amfani da `??`, wadda ta shigo a ES2020, sigar JavaScript ta shekarar 2020, domin ita tana bambance abin da ba a saita ba da abin da aka kashe da gangan.

Sunan font, wato salon haruffa, za ka adana, ba lambarsa a jeri ba, don jerin yana sauyawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. In font ɗin babu shi a wannan na'ura, nuna madadi amma kar ka goge sunan, musamman ga mai rubutun Hausa da ya sha wahala kafin ya samu wanda ke fitar da ƙ, ɗ da ɓ sumul.

A Kaduna ana ɗauke wuta ba sallama, kuma yawancin kwamfutocin tebur a shagunan buga takardu ba su da batir. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar adanawa, fayil na iya lalacewa. Saboda haka rubuta sabon saiti a fayil na wucin gadi, sannan ka sauya masa suna ya maye gurbin tsohon. QSaveFile na Qt haka yake yi. In duk da haka fayil ya ƙi karantuwa, buɗe da saitin asali, ka ajiye lalataccen gefe, ka sanar da mai shi.