Tashar Kiribi na girma, mu ƴan arewa fa?

Tun 2018 da tashar jiragen ruwa ta Kiribi da ke kudancin Kamaru ta fara aiki, maganar hukumar tashar kullum ita ce filin masana'antu, a ware hekta kaza a ba kamfanoni, ga babban titi sabo fil daga garin Kiribi har Lolabe, kusa da tashar. Madalla, aiki ne mai kyau. Amma dan Allah kwantenar ɗan kasuwan Marwa ko Njamaina ta ina zata bi? Har yau layin dogo bai shiga Kiribi ba, wanda ya taso daga Duwala kuma a Ngawundere ya tsaya tun 1974, daga nan sai tirela ta ɗauka ta gangara falez, wato gangaren dutsen nan mai tsayi, da birki yana hayaƙi, ta wuce Garwa da Marwa, sannan ta faɗa ramukan Mora zuwa Kusiri inda da damina direba kan kwana a taɓo, kuma duk wannan wahalar a kan kuɗin shinkafa da siminti take sauka.

Ni a ganina hanya ce gaba da komai. Kuma in za'a raba filin masana'anta a tuna audugar Garwa, a nan arewa ya kamata a saƙa ta, matasanmu su samu aiki a gida.