Komawa tsohon gida a Damagaram: hanya, guzuri da sallama

Mu da muka yi ƙuruciya a Damagaram kafin iyaye su dawo da mu Kano muna da yawa fiye da yadda ake zato. Kusan kowa a cikinmu yana da wani gida a unguwar Birni ko ta Zango da yake ta yi wa 'ya'yansa alkawarin zai kai su su gani, shekara na korar shekara bai tashi ba. Ni na je. Abin da na gano shi ne hanyar ba ita ce aikin ba. Aikin yana farawa ne bayan ka sauka daga mota, lokacin da za ka nemi gidan da yanzu ba naku ba ne, a wurin mutanen da ba su san fuskarka ba.

Hanyar dai tana nan inda muka bar ta. Daga tashar Ƙofar Ruwa mota za ta bi ta Dawanau, Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mai'aduwa, sai Kwangwalam a bakin iyaka. Da ka tsallaka kana Ɗan Barto, daga nan Matamaye, Kance, sai Takeita inda za ka hau babban titin da ya taso daga Maraɗi, ka yi gabas kamar kilomita 50 ka shiga gari. Duka tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba. Muna yara, a bayan fijo, mun ɗauka ƙarshen duniya ake kai mu. Abin da ke cin lokaci ba nisa ba ne, jiran mota ta cika ne da tsaye-tsaye a shingaye. Wanda ya isa tasha da an idar da sallar asuba zai yi la'asar a Damagaram cikin kwanciyar hankali. Wanda ya bari sai hantsi yana iya kai wa dare a hanya, ba kuwa a so baƙo ya tsallaka iyaka da duhu. Ran Lahadi kasuwar Mai'aduwa ke ci. Motoci sun fi samuwa a ranar, amma manyan motocin dabbobi kan cushe hanya, sai ka zaɓi wanda za ka iya haƙuri da shi.

Idan ba a samu motar da za ta wuce kai tsaye ba, yanka tafiyar: Kano zuwa Daura, Daura zuwa Kwangwalam, ka tsallaka, ka hau ta can. Sau da yawa hakan ya fi sauri. Motar gida kuwa ba na ba da shawararta a zuwan farko, don sai an haɗa da takardun mota, inshorar da ke aiki a waje, da takardar izinin shigar da mota daga duwan, wato kwastan na Nijar, ga kuɗin hanya da ake biya a titunan Nijar.

Takardu su ne inda tunanin ƙuruciya ke yaudarar mutum. A da uba ne ke sauka ya yi magana, mu muna cikin mota muna cin gyaɗa, shi ya sa muke ganin kamar babu iyaka. Akwai ta. An rufe ta a 2019 sai ƙarshen 2020 aka buɗe, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, sannan Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025. Ba a neman biza, amma takardar da ba ta jawo gardama ita ce fasfo mai sauran kwana. Haɗa da katin rigakafin ciwon shawara, wanda ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan allurar, don haka ba abin da ake yi ana gobe tafiya ba ne. Allura ɗaya ta ishe ka har abada, katin ne kawai za ka adana. Kafin ka tashi, ka leƙa tasha ka tambayi direban da ya dawo jiya abin da ake tambaya a shinge, labarinsa ya fi na kowa sabunta. Idan an karɓi takardun fasinjoji a dunƙule, sauka ka tsaya inda za ka ji an kira sunanka. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto kusa da jandarmomi, ko sojoji, ko wani ginin gwamnati.

Sai kuɗi. Canza sefa tun daga Wapa, ka roƙi mai canji ya haɗa maka da ƙananan takardu na 500 da 1,000 da 2,000. Takardar 10,000 a hannun mai kabu-kabu ko mai shayi rigima ce, babu canji. Naira tana tafiya a garuruwan bakin iyaka, amma kana nisa tana rage daraja a bakin mai saye da sayarwa, katin bankinka kuma kada ka dogara da shi. Lissafin can da dala ake yi, dala ɗaya sefa 5. In an ce maka dala ashirin, 100 ke nan. Dala ɗari, 500. Jika ɗaya, 1,000. Duk abin da aka faɗa da dala ka ninka shi sau biyar kafin ka ce ka saya. Layin wayarka zai ɗauke jim kaɗan bayan iyaka. Sayi na can, Airtel ko Moov ko Zamani, da fasfo ake yin rajista. Kafin nan ka rubuta lambobin mutanen da za ka nema a takarda.

Lokacin zuwa ma abin dubawa ne. Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma a lokacin ne ƙarancin ruwan da aka san Damagaram da shi tun kaka da kakanni ya fi tsanani. Baƙon da ya sauka a gidan mutane a wannan lokaci, duk wankan da ya yi jarkar wani ce ta ragu, su kuwa kunya ba za ta bari su faɗa ba. Ko ka kama ɗaki a masauki, ko ka riƙa kiran mai ga-ruwa kana biya ba tare da ka yi shawara da masu gida ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗin yawo a ƙafa, sai dai hazo da sanyin asuba. Idan mutane kake son gani ba gini ba, kwanakin bayan sallah sun fi, 'yan ci-rani duk suna gida.

To, ka iso. Kada ka nufi gidan a ranar. Huta, ka kwana, washegari da hantsi ka shiga unguwar a ƙafa.

Taswirar da ke kanka ta yaro ce, komai a cikinta ya fi na gaske girma da nisa. Masallacin da kake tuna ana ɗaukar lokaci kafin a kai, wataƙila gida huɗu ne tsakani. Saboda haka duk inda zuciyarka ta ce a nan ne, ka rage nisan, ka nemi gidan kusa da alamar fiye da yadda kake zato. Alamar ma sai an zaɓa. Launin ƙofa, shagon kusurwa, bishiyar darbejiya, famfon unguwa, duk suna tafiya. Waɗanda ke zama su ne masallaci, ko da an rushe an sake shi da siminti yana nan a filinsa, da makabarta, da tsohuwar rijiya, da duwatsun nan na Birni da babu mai iya gusar da su, da guntayen ganuwar da ta rage tun zamanin Sarki Tanimun. Ni daga fada nake fara lissafi, in sa ƙofarta a bayana in bi lungun da ƙafata ta sani. Birni ya fi sauƙin ganewa don lungunansa ba su canza sosai ba. Zango da sababbin unguwanni su ne masu rikitarwa, filin da kuke buga ƙwallo ya zama gidaje.

Gidan kansa zai yi wuya ka same shi yadda ka bar shi, kuma akwai dalili biyu. Na farko, ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe. Kafin kowace damina ana duba soro, a toshe tsaga, a share indararo. Shekara biyu ko uku aka yi sakaci, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan rufi, ya jiƙa azara, gara ta ƙarasa sauran, sai ɗaki ya zauna. Mai hali ya sake shi da bulo da kwano, marar hali ya bar kango. Na biyu shi ne rabon gado. Gida ɗaya mai sassa huɗu yakan koma gida uku, kowa ya ja katanga ya fasa ƙofarsa ta wani lungu. Kana iya tsayawa a gaban bangon ɗakin da aka haife ka kana neman zauren da aka toshe shekara ashirin da suka wuce. In ka ga bango da tabon ƙofa, wato wurin da yaɓen ya bambanta da sauran, tsaya ka duba da kyau.

Shi ya sa mutane ake nema, ba gini ba. Yi sallar azahar ko la'asar a masallacin unguwar, bayan an sallame ka gaida liman da dattawan sahun gaba. Kada ka tambayi matasan da ke shan shayi a bakin titi, an haife su bayan kun tashi. Kuma kada ka kawo sunan da ke cikin fasfon mahaifinka, ba wanda ya san shi da shi. Kawo laƙabinsa, da sana'arsa, da sunan wanda ya saukar da shi ko ubangidansa a kasuwa. “Baba, ni ɗan wane ne mai fata, wanda ya zauna gidan wane, muka koma Kano shekarar da aka yi yunwa.” Dattawa da abin da ya faru suke ƙirga shekaru, fari ko rasuwar sarki ko gobarar kasuwa, ba da lamba ba. Idan maza sun kasa, tsofaffin mata ba sa kasawa, musamman in ka ambaci sunan da ake kiran mahaifiyarka da shi a unguwa da sunan ɗan farinta.

Daga nan a raka ka wurin mai unguwa, ko ya haɗa ka da yaro. Wannan matakin ba na tsallakewa ba ne. Baƙon da ya zo daga Najeriya da manyan kaya, ya tsaya yana ƙare wa gida kallo yana ɗaga waya, abu ɗaya masu gidan za su kawo a ransu: magaji ne ya zo tayar da maganar gado. Daga nan fuska ta rufe, ko ruwa sai ka roƙa. Don haka tun a gaisuwar farko ka fitar da su daga zargi. Ka ce, “Alhaji, ba wata magana ce ta kawo ni ba. A gidan nan aka yaye ni, na zo in ga wuri in yi wa iyaye addu'a.” Ko da kana da tambaya a kan yadda gidan ya fita daga hannunku, ba ranarta ba ce, ba kuma a zaure ake yin ta ba.

Abin da ya fi kome amfani a tafiyar shi ne tafiya da mace. Namiji iyakarsa zaure, in an karrama shi ƙwarai a sanar da matan gida su shiga ɗaki ya leƙa tsakar gida na ɗan lokaci, kansa a sunkuye. Ƙanwarka ko gwaggonka kuwa da sallama ɗaya ta shige har madafa, ta zauna a tabarma, ta ga ɗakin, ta ji wa ya rasu, wa aka aurar, wa ya koma Agadas. Ita za ta nemi izinin hoto, kuma bango da ƙofa za ta ɗauka, ban da fuskar matan mutane sai sun ce a ɗauka.

Tsaraba ba ta son yawa, tana son tsari. Ƙwaryar goro ɗaya, wato guda 100, ta isa a raba wa liman da mai unguwa da dattawan masallaci. Turmin atamfa daga Kwari ga tsohuwar da ta gane ka, yadi biyar na shadda ga mai gidan, sabulu da turare ga matan gida, alewa ga yara. Ƙulla kowanne daban tun daga Kano, don kaya iri ɗaya masu yawa a dunƙule duwan na iya ɗaukar su na sayarwa ne. Kuɗi kuwa a keɓe ake bayarwa, a dunƙule a hannu, lokacin sallama. Kada a manta da wanda ya yi maka rakiya.

Makabarta: kada ka sa rai za ka gane kabarin kakanka. Itace da fasasshiyar tukunya ba sa shekara talatin. Mai kula da wurin zai iya nuna maka ɓangaren da ake binnewa a wancan zamani, ka tsaya nan ka yi wa kowa addu'a.

Ka bar wa kanka kwana ɗaya da ba na neman kowa ba. Ran Alhamis kasuwar Dole ta cikin gari ke cika, ran Lahadi ta Miriya, inda ake samun tukwane, tafiyar ƙasa da kilomita 20. Ni har yanzu ina da burin wucewa ta Tanut in ga hasumiyar Agadas, amma wannan hanya ce da ake tambayar lafiyarta kafin a hau, ba a haɗa ta da ziyarar gida.

Ranar komawa ma sammako ake yi, kuma tun daren ake sallama da mutane, in ba haka ba gaisuwa da “tsaya a dama fura” za su kai ka azahar. Sauran sefar da ta rage kada ka canza, darajarta a ɗaure take da yuro, ba ta narkewa a aljihu. Lambar wayar da ka bayar kuwa za a yi amfani da ita. Mutanen Damagaram ba sa rabuwa da Kano, wannan ya zo asibiti, wancan sarin kaya a Kwari ko Singa, wani ya kawo ɗa makaranta. Kafin ka karanta wa mai gidan lambarka, ka san ɗakin da za ka saukar da shi, ka kuma gaya wa uwargida tun kafin wayar ta shigo.