Yau na kwanta ta ɓangaren dama

Talata, da dare.

Kwana tara ke nan rabona da kwanciya ta ɓangaren dama. Barcin ma kusan a zaune nake yinsa, matasan kai uku a bayana, har wuyana ya sanƙare. Yau da asuba na manta, na mirgina don in ɗauki wayata, sai ɗakin ya ɗauki juyi. Silin ya gangaro, labule ya wuce ta gabana ya sake wucewa, na damƙe bakin katifa da hannu biyu na runtse ido. Kafin in ƙirga ashirin ya lafa, amma tashin zuciyar da ya bari bai sake ni ba sai da hantsi.

Tsoro ne ya fi cin raina a kwanakin nan. Na auna hawan jini, lafiya lau. Na ce ko ƙarancin jini ne. In dare ya tsala kuma sai zuciyata ta raya mini cewa wani abu ne ya tsiro a ƙwaƙwalwa. Na daina sunkuyawa, na daina ɗaga kai in duba saman kabad, in an kira ni sai in juya da jikina gaba ɗaya. Ƙanwata ce ta gaji da ganina haka, ta ce, "Yaya, yau kam ƙafata ƙafarki, sai asibiti."

Likitan kunne ya fara da tambayoyi. Duniya ce ke juyawa, ko kuwa ji nake kamar zan suma? Daƙiƙa nawa yake ɗauka? Jina ya ragu? Kunnena na ƙara? Ina gani biyu-biyu? Daga nan ya ce in hau gado in miƙe ƙafafu. Ya riƙe kaina, ya karkata shi dama, ya ce, "Malama, zan kwantar da ke da sauri. Jirin zai zo. Don Allah kar ki rufe ido, su nake son gani."

Wallahi na so in ce a bari. Abin da na shafe kwana tara ina gudu shi ake so in shiga da gangan. Ya kwantar da ni, ƙeyata ta ɗan zarce bakin gado. Daƙiƙa uku, huɗu, shiru. Sai ga shi, ya fi na asuba ƙarfi. Na ƙanƙame hannun ƙanwata. Ita ce ta ba ni labari daga baya cewa ƙwayoyin idona sun yi ta fizga suna murɗawa su kaɗai, har abin ya tsorata ta. Shi kuwa likita cewa ya yi, "Madalla, na gani. Kunnen dama ne."

Ya zana mini a bayan takarda. Can cikin kowane kunne akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya. Kusa da su akwai wata 'yar jaka mai ɗauke da ƙananan tsakuwoyi na sinadarin kalsiyam, waɗanda ido ba ya iya ganinsu. Idan wasu suka ɓalle suka faɗa cikin bututu, galibi na baya, to duk lokacin da aka karkata kai sai su gangara su ja ruwan. Kunne ya ce ana juyawa, ido ya ce ana tsaye, ƙwaƙwalwa ta rasa wanda za ta gaskata. Da sun kwanta a ƙasan bututun sai jirin ya tsaya, shi ya sa da wuya ya kai minti ɗaya. Sunan ciwon a taƙaice BPPV. Na daɗe ina kallon zanen nan, ina jin wani nauyi na sauka daga ƙirjina.

Maganin ma a kan gadon aka yi shi. Kai a karkace digiri 45 zuwa dama, a kwanta, a jira jirin ya wuce. A juya kai digiri 90 zuwa hagu, a jira. A mirgina kan kafaɗar hagu har fuska ta kalli ƙasa, a jira. Sannan a tashi zaune a hankali, haɓa a ɗan sunkuye. Kowane mataki kamar rabin minti ko sama da haka, ana lallaɓa tsakuwoyin ne su bi lanƙwasar bututun su koma jakarsu. Sau biyu ya yi mini. A na biyun, da ya kwantar da ni, na jira, na jira, ba abin da ya motsa. Hawaye suka zubo mini.

Da yamma na zauna na karanta. Gwajin da likitan ya fara yi mini na Margaret Dix da Charles Hallpike ne, likitoci a Landan, tun 1952. Juyin kan kuma na John Epley ne, likitan kunne a Amurka, wanda ya wallafa shi a 1992. Abin ya tsaya mini a rai, mutane nawa ne ke fama da wannan jiri a gida, suna ta haɗiyar ƙwayoyin da ba za su mayar da tsakuwa ko ɗaya mazauninta ba. Likitan ya ce ƙwaya tana rage tashin zuciya ne kawai.

Ya gargaɗe ni cewa yana iya dawowa, kuma zan iya jin kaina fayau kamar ina tafiya a kan katifa na 'yan kwanaki. Kar in yi tuƙi ko in hau tsani sai na daidaita. Ya koya mini yadda zan yi juyin a gida, amma ya ce kar in koya wa kowa da ka, domin sai an san kunnen da ya kamu, mai ciwon wuya kuma sai likita ya duba shi tukuna. Ya nanata abu ɗaya: in jiri ya zo tare da nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko gani biyu, ko matsanancin ciwon kai, ko kasa tafiya, wannan wani lamari ne daban, a garzaya asibiti nan take.

Ɗazu na cire matasan kai biyu na ajiye a kan kujera. Na kira ƙanwata ta tsaya a bakin gado, na kwanta ta dama a hankali, idona a buɗe, na ƙirga har talatin. Labulen yana nan a inda yake. Har yanzu kaina da ɗan nauyi, wuyana kuma yana ciwo, amma na ce mata ta je ta kwanta, ta bar mini fitilar a kunne.